Kalmar Baƙo, Tafiyar Mai Gida

Wanda ya yi karatun zaure, ko da iyakarsa Ahalari da Ishmawi, in ya kasa kunne ga mutumin Addis Ababa yana magana zai riƙa tsintar abin da ya sani jefi-jefi. Gida bet ne, ido ayn, jini dam, kai ras, suna sim. Wannan ba aro ba ne irin wanda Hausa ta yi daga Larabci. Gado ne, don Amharanci da Larabci da Ibrananci kakansu ɗaya. Sai dai da zarar an jera kalmomin an tayar da jimla, zumuncin ya watse. Balarabe da aikatau yake buɗe baki: ya saya, sannan wa ya saya, sannan me aka saya. Bahaushe ya ce mutumin da ya zo jiya ya sayi doki. Ba'amhare kuwa cewa zai yi tinant yamattaw saw faras gazza, wato jiya, wanda ya zo, mutum, doki, ya saya. Dokin ma faras ɗin Larabawa ne, amma sai an gama gabatar da kowa da komai kafin a faɗi abin da ya faru.

Mai sauraron Amharanci dole ya koyi haƙuri. Bayanin mutum yana riga mutumin isowa, sifa tana gaban suna, dalili yana gaban hukunci, aikatau kuma, wanda shi ne zai gaya maka an yi ko ba a yi ba, yana can ƙarshen zance. Gi'iz, tsohon harshen Aksum da cocin Habasha ke ibada da shi har yau, ba haka yake ba. Ya fi karkata ga tsarin 'yan'uwansa na tsallaken Bahar Maliya. Ke nan a kan tsaunukan Habasha aka juya jimlar. Amsar da masana suka daɗe suna bayarwa, kuma Wolf Leslau ya tattara hujjojinta a 1945, ita ce masu gida ne suka juya ta. Kafin harshen dangin Larabci ya mamaye arewa da tsakiyar tsaunukan, mutanen wurin harsunan Kush suke yi, musamman reshen da ake kira Agaw, kuma a Agaw haka jimla take tafiya, aikatau a baya.

Harsunan Kush dangi ne babba. Oromanci da Somaliyanci da Afar da Sidama suna ciki, haka Beja na gaɓar tekun Sudan, haka Iraƙw can ƙasar Tanzaniya. Su kuma gaba ɗaya reshe ne na gidan da Joseph Greenberg ya yaɗa kiransa Afro-Asiya, inda Hausa ke zaune a ɓangaren harsunan Cadi. Agaw shi ne reshen tsakiya, kuma ƙarami ne ƙwarai. Abin da ya rage daga gare shi yau guntaye huɗu ne. Akwai Awngi a kudu maso yammacin tafkin Tana, a yankin Awi mai hedikwata a Injibara, wanda ƙidayar Habasha ta 2007 ta samu kusan mutum 490,000 suna yinsa. Akwai Khamtanga a duwatsun Wag Himra, kewayen Sakota, mai sama da mutum 200,000. Akwai Bilin a kewayen Keren ta Eritiriya. Sai Kimant a yammacin Gondar, wanda ke kan gargara. Tsakanin Keren da Injibara akwai fiye da kilomita 500, kuma abin da ya cika tsakanin akasari Tigrinya ne da Amharanci. Kamar ragowar ganuwar birni ce, guntu nan guntu can, gidaje sun cinye tsakani, amma mai ido ya san da a haɗe take.

Sunan Agaw ya shiga littafi tun da wuri, ta hanyar da ta dace da labarinsu. Wani ɗan kasuwa na Iskandariyya da ake kira Kosmas, wanda ya ziyarci tashar jiragen ruwa ta Adulis a farkon ƙarni na 6, ya ba da labarin yadda sarkin Aksum ke samun zinariya. Shekara biyu-biyu ake tayar da ayari ta hannun hakimin Agaw, mutum wajen 500, da shanu da gishiri da ƙarfe, zuwa wata ƙasa da ya kira Sasu. In sun isa sai su yi shingen ƙaya, su yanka shanu, su rataye nama da sauran hajja a kan ƙayar. Mutanen ƙasar su zo su ajiye ɗan curin zinariya kusa da abin da suke so, su ja da baya. In mai kaya ya gamsu ya ɗauki zinariya, in bai gamsu ba ya bar ta, mai saye ya ƙara ko ya kwashe abinsa. Kosmas ya ce rashin tafinta ne ya sa ake wannan cinikin bebaye. Agawawa ke nan a labarin Kosmas: suna tsakiyar harka, hanya a hannunsu take, amma ba a ji kalma ɗaya daga bakinsu ba.

Haka abin ya ci gaba ko da mulki ya faɗo hannunsu. Gidan sarautar Zagwe, wanda sunansa a fassarar da aka fi yarda da ita ke nufin na Agaw, ya riƙe Habasha daga ƙasar Lasta har zuwa 1270. A zamaninsu aka sassaƙa coci goma sha ɗaya na Lalibela daga cikin dutse, daga sama zuwa ƙasa, abin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1978. Mutanen da suka iya wannan ba su rasa dabarar rubuta harshensu ba. Ba su ga dalili ba ne. Littafi na Gi'iz ne, addu'a ta Gi'iz ce, takardar kyautar gona da sarki zai ba gidan ibada da Gi'iz ake rubuta ta. Da Yikuno Amlak ya kawar da su, waɗanda suka gaje shi suka kafa hujjarsu a kan cewa su jinin Annabi Sulaimanu ne da sarauniyar Saba, littafin Kibra Nagast na ƙarni na 14 ya zama shaidarsu, Zagwe kuma suka koma masu ƙwacen gadon da ba nasu ba. Abin dariya shi ne cocin da ya amince da wannan labari shi ne kuma ya ɗauki Lalibela da wasu sarakunan gidan a matsayin waliyyai. Sarakunan Wag, masu laƙabin Wagshum, sun ci gaba da danganta kansu da Zagwe, har ɗaya daga cikinsu, Gobaze, ya hau gadon Habasha a 1868 da sunan Takla Giyorgis na biyu. Shekara uku kawai ya yi.

Yadda harshe ke cin harshe ba a fagen fama yake faruwa ba, ko da yake yaƙi ne ke buɗe ƙofa. Sarakunan ƙarni na 17 sun sha kai wa Agawawan Gojjam hari, kuma a 1770, lokacin da James Bruce ya isa idon ruwan da ake ɗauka mafarin Shuɗin Nilu a Gish Abay, ya tarar Agawawa ne ke riƙe da wurin, suna yanka shanu a bakinsa. Amma bayan mayaƙa sai sansani ya zauna, bayan sansani sai coci da kasuwa da mai karɓar haraji, sai auratayya. Amharanci ya zama lisana nigus, harshen sarki. Nigus ɗin nan shi ne Najjashi da muka sani a tarihin hijirar farko ta Sahabbai. Mai son ya shiga soja, ko ya kai ƙara, ko ɗansa ya zama limamin coci, dole ya koye shi. Kuma babba ne ke koya, ba yaro ba. Babba yana iya haddace kalma dubu cikin shekara, amma inda zai ajiye aikatau, da inda zai ja numfashi a tsakiyar zance, wannan ya riga ya zauna masa tun yana goye. Sai ya zuba sababbin kalmomi a tsohuwar hanya. 'Ya'yansa su tashi su ji haka ake magana, jikokinsa su ɗauka haka Allah ya halicci harshen. Bayan ƙarni kaɗan, karyayyen harshen talaka ya zama daidaitaccen harshen fada.

Sawun yana nan a wurare da dama ban da tsarin jimla. Larabci ba shi da kw da gw da ƙw, irin na kwana da gwani da ƙwai. Gi'iz yana da su, har sai da aka ƙera musu haruffa na musamman a rubutun Habasha, wato fidel, kuma harsunan Agaw cike suke da su. Kalmar ruwa ta Amharanci, wiha, ba ta yi kama da ma'u na Larabci ko may na Gi'iz da Tigrinya ba, kuma masana da yawa suna mayar da ita ga Agaw, inda Bilin ke cewa aƙw. Harshe yakan ari sunan sabon abu, alƙalami ko bindiga. Wanda ya ari sunan ruwa, to, ba a kasuwa ya are shi ba, a cikin gida ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da ake ba kalmar cewa. Bahaushe da yi yake kama yanayi: ya yi tsit, ya yi zumbur, ya yi wuf. Ba'amhare da ce yake kama shi. Zim ala, ya ce zim, shi ne ya yi shiru. Ƙuc ala, ya ce ƙuc, shi ne ya zauna. Ƙofa ma in ta ƙi buɗuwa, a bakinsu cewa ta yi ba zan buɗu ba. Wannan salo ya game harsunan Habasha, na Kush da na dangin Larabci baki ɗaya, kuma a Agaw yana da tushe mai zurfi. A duniyar da aka tsara haka, komai mai magana ne, har shiru faɗarsa ake yi. Ba na cikin masu cewa nahawu ne ke yanke wa mutum yadda zai yi tunani. Wannan zance ya fi daɗi a baki fiye da yadda yake da hujja. Amma marubuci ya san cewa hanyar da harshensa ya share masa ita ƙafarsa ke fara bi, kuma duk mawaƙin Amharanci da ya taɓa riƙe ma'ana har zuwa kalmar ƙarshe ta baiti, da kayan aikin da Agawawa suka bari yake aiki.

Ya kamata a rage wa zancen gishiri kaɗan. Ba duk abin da ya bambanta Amharanci da Larabci ne na Agaw ba. Harsunan Gurage na kudu sun fi shan ruwan Sidama da danginsa, kuma harshe yana iya sauya tsarinsa da kansa ba tare da kowa ya tura shi ba. Amma babban hoton bai canza ba.

Inda nake da ja shi ne sunan da masana ke ba wannan al'amari. Suna kiran Agaw harshen ƙarƙashi, kalmar da ke nufin shimfiɗar da aka yi gini a kanta. A littafin tarihin Amharanci sunan ya yi daidai. Matsalar ita ce abin da ke ƙarƙashi an riga an binne shi, kuma mai karatu yakan rufe littafin da tunanin Agawawa mutanen da ne, irin su Adawa da Samudawa, waɗanda aikinsu a duniya shi ne su ba wani harshe siffa su wuce. Alhali yau da safe an yi cinikin dankali da Awngi a kasuwannin Awi, an yi wa yaro faɗa da Khamtanga a Sakota. Yabon da ake yi wa Agaw cewa yana raye a cikin Amharanci yabo ne mai arha. Ba ya buƙatar a buga littafin firamare ko a horar da malami.

Harsunan kuwa suna da abin kallo na kansu, ba sai an bi ta kan Amharanci ba. Leo Reinisch ya rubuta nahawun Bilin da Khamir, wato Khamtanga, da karin Ƙwara a shekarun 1880, Robert Hetzron ya fitar da littafi sukutum a 1969 a kan aikatau na Awngi kaɗai, don yawan rassansa, David Appleyard kuma ya haɗa ƙamus ɗin kwatanta harsunan a 2006. Awngi yana da karin sauti mai bambanta ma'ana, kamar Hausa. Dukansu suna da sautin hanci da masana ke rubutawa ŋ, wanda Bahaushe ke yi a ƙarshen nan da can amma ba ya iya fara kalma da shi. Ba'awiye kuwa gida ma ŋin yake ce masa. Sau da yawa wannan sauti yana zaune ne inda sauran harsunan Kush ke da m: biyu a Oromanci lama ne, a Agaw laŋa. A dubi ƙirgarsu kuma. A Bilin biyu laŋa, bakwai laŋata. Uku sakhwa, takwas sakhwata. A Awngi laŋa da laŋeta, shugha da sogheta. Biyar ankwa ce a duka biyun. Hannu ɗaya ya cika, an koma ɗaya hannun, bakwai ta zama biyu ta can ɓangaren. Mutanen Keren da na Injibara ba sa jin maganar juna, ƙarnuka sun raba su, iyakar ƙasa ta raba su, amma yatsunsu iri ɗaya suke lanƙwasawa. Mu da muka saki hauya da gomiya uku muka kama ashirin da talatin mun san ƙirga ba ta da wuyar tafiya in kasuwa ta sauya harshe.

Labarin Kimant shi ne juyin labarin Amhara. Can an riƙe tafiyar harshe an manta sunan masu shi. Nan an riƙe suna, harshen ya zube. Kimantawa manoma ne a kewayen Cilga da Aykel, masu tsohon addini na kansu da Frederick Gamst ya bayyana a littafinsa na 1969: suna hutun Asabar, ba sa cin alade, suna ibada a kurmin itatuwa masu alfarma, babban limaminsu ana ce masa wambar, addu'a kuma da harshen Kimant ake yi. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 aka riƙa matsa musu su shiga coci, maƙwabta kuma suna yi musu gorin cewa daga itace suka fito. Gori yana kashe harshe fiye da doka. Uwa ba ta buƙatar a hana ta. Ita da kanta za ta ƙi yi wa ɗanta maganar da za a yi masa dariya da ita. A ƙidayar 1994 mutum sama da 170,000 suka ce su Kimantawa ne, amma waɗanda suka ce shi ne harshensu na farko ba su kai 2,000 ba, kuma binciken Zelealem Leyew da aka buga a 2003 ya nuna akasarinsu tsofaffi ne. A ƙidayar 2007 sai aka cire sunan Kimant daga jerin ƙabilu ɗungurungum. Mai lissafi zai ce ai sun riga sun zama Amhara. Su kuwa suka ce a'a, kuma da Amharanci suka faɗa. Neman a san da su ya kai ga ƙuri'ar raba gardama a wasu ƙauyuka a 2017, ya kuma kai ga zubar da jini mai yawa kafin nan da bayan nan. Duk wanda ke ganin harshe da asali abu ɗaya ne, ya zo ya yi bayanin mutanen da suka mutu saboda sunan da ba sa iya yin gaisuwa da harshensa.

'Yan'uwansu na kusa ta fuskar harshe su ne Yahudawan Habasha, Beta Isra'ila, waɗanda da suke yin karin Ƙwara da Kayla, kuma wasu addu'o'insu na Gi'iz suna da gutsattsarin Agaw a ciki. Yawancinsu sun koma Amharanci da Tigrinya tun kafin a kwashe su zuwa Isra'ila, wajen mutum 8,000 ta sansanonin gudun hijira na Sudan a 1984 zuwa 1985, sannan sama da 14,000 cikin kwana ɗaya da rabi a Mayun 1991. Ragowar masu jin Ƙwara a lokacin tsofaffi ne ƙalilan, kuma a Isra'ila Appleyard ya same su ya ɗauki abin da ya samu daga bakinsu. Jikokinsu Ibrananci suke yi.

Bahaushe mai karanta wannan zai so ya tsaya a gefen Agaw, don tausayi yana da daɗi. Gaskiya kuwa a wannan labari kujerar Amhara ce tamu. Ajawa na ƙasar Bauci ya ƙare a farkon rabin ƙarni na 20 saboda masu shi sun koma Hausa, kuma ƙananan harsuna da dama a Bauci da Filato da kudancin Kaduna suna kan wannan hanya yanzu. Su ma ba sa tafiya hannu rabbana. Hausar da ke cewa rigan Audu maimakon rigar Audu, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ta fi ƙarfi ne daidai wuraren da Hausa ta shiga bakin masu wani harshe, daga Bauci har zangunan Gana. Bakano yana jin haka ya yi murmushi. Mai yiwuwa malamin Gi'iz ma haka ya yi wa sojan da ya fara ajiye aikatau a ƙarshen jimla.

Tsarin mulkin Habasha na 1995 ya ba kowace al'umma damar amfani da harshenta, kuma Awi da Wag Himra suna da yankunan mulkin kansu a cikin jihar Amhara, ana koyar da yara da Awngi da Khamtanga a firamare. Mutanen Awi, waɗanda har huɗa da doki suke yi inda sauran manoman Habasha ke ɗaura wa shanu, suna da ƙungiyar mahaya da aka kafa wajen 1940, kuma duk ƙarshen Janairu dubban dawaki da ado suke cika Injibara. Sunan da aka fi sanin taron da shi, Sabat Bet Agaw, gidaje bakwai na Agaw, yana tuna 'yan'uwa bakwai da aka ce sun taso daga Lasta suka kafa ƙasar. Sabat da bet duka Amharanci ne. 'Yan matan Wag Himra suna da nasu bikin, Shaday, a watan Agusta.

Rubutu ma ya zo da tasa rabuwar. Bilin ne ya fara shiga ɗab'i: an buga Linjilar Markus da shi a 1882, da haruffan fidel, kuma limaman Katolika na Keren sun yi ƙarni guda suna amfani da su, har da ƙarin harafin da aka ƙera don ŋ. Bilinawa kuwa kashi biyu ne, Musulmi da Kirista, kuma fidel a idon Musulmi da yawa rubutun coci ne. Gwamnatin Eritiriya ta yanke cewa duk harsunan ƙasar da ba dangin Larabci ba da boko za a rubuta su, haka kuma ake koyar da Bilin a makarantu tun shekarun 1990. A Habasha Awngi da Khamtanga suka zauna a kan fidel. Saboda haka ɗalibin Keren da ɗalibin Injibara, in aka ba kowanne littafin lissafin ɗan'uwansa na aji ɗaya, ba zai gane cewa biyu da biyar ɗinsu ɗaya ne ba sai an karanta masa da baki.